Kiɗa na Uku a Gefen Farko

Shekara goma sha takwas da rasuwar telan, amma har yau a layinsu Matar Tela ake ce mata. Shagon ya daɗe da komawa hannun mai gyaran waya. Keken ɗinkin ɗan ƙaninsa ya ɗauka, babban almakashin kuwa wani ya ara bai dawo da shi ba. Da ma tun yana raye ita ke goge ɗinkin da ya gama, don haka bayansa wanki da guga ta kama. Da su ta reni yara uku, tana tsaye a gaban tebur tun hantsi har ƙafafunta su kumbura. Abu ɗaya ne na mutumin nan da ba ta yarda kowa ya taɓa ba: wani kaset, a cikin gwangwanin alawa, a ƙasan akwatin zannuwanta.

Abin da ke cikin kaset ɗin ba wani abu ba ne a wurin mutane. Akwai wani kiɗa da gidan rediyo kan sa kafin labarai, na sarewa da jita, babu waƙa a cikinsa. Telan yana son kiɗan nan kamar me. Ya yi makonni yana dakonsa da kaset a cikin rikoda. Ran da ya zo, ya danna, ya matsar da rikodar kusa da rediyon, ya ci gaba da taka kekensa don akwai ɗinkin da za a zo karɓa. To ranar ce Auta, wadda ta kai shekara da wata biyu tana ƙin tafiya, ta saki bakin ƙofar shagon ta tako. Rikodar ta ɗauki komai. Ta ɗauki ƙarar keken da tsayawarsa, ta ɗauki tarin telan, da muryarsa yana yi wa yarinyar magana. Can gaba kuma akwai dariyar Matar Tela kanta, da shi yana ce mata, "Ke da 'yarki kun ɓata mini kaset."

Auta tana da shekara biyar ya rasu. Shekarar da ta biyo, rikodar ta tauna wani kaset na daban a gaban idon Matar Tela, zaren ya fito kamar hanjin kaza. Daga ranar ta ce ba za ta ƙara sa wannan a ciki ba. Rikodar ma daga baya ta mutu. Shekara goma sha bakwai ke nan ba ta ji muryar ba, sai dai a ka.

Bayan an sa ranar auren Auta, wata rana suna ninke kayan guga, yarinyar ta ce, "Mama, kin san fuskar Baba ina ganinta a hoto, amma muryarsa ta ɓace mini. Ko a mafarki bakinsa kawai yake motsawa."

Matar Tela ta ninke hannun riga, ta warware, ta sake ninkewa. Amma a nan ta yanke shawara: ran biki, lokacin da amarya za ta shigo ɗakin taro, ubanta zai yi mata magana. Kuma ba za ta faɗa wa kowa ba sai an ji.

Neman mai sa kiɗa su uku suka fita: ita, da Auta, da Gwaggo, ƙanwar marigayin, wadda ko allura ba a saya a gidan ba ta sa baki ba. Auta ta riga ta zaɓi nata, wani DJ da ƙawayenta ke yayi. Ofishinsa a bene yake, duk gilashi, kiɗa na dukan ƙirji tun daga matakala. Suka same shi zaune da baƙin tabarau a cikin ɗaki.

"Ɗana, ciwon ido kake?" in ji Gwaggo. "Akwai kantin magani a ƙasan benen nan."

"Gwaggo, don Allah," Auta ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya nuna musu bukukuwan da ya yi a wayarsa, ga hayaƙi, ga fitilu masu juyawa. Matar Tela ta jira ya gama, sannan ta buɗe jaka, ta kwance hankici, ta miƙa masa kaset ɗin. Ya karɓa da yatsa biyu, ya juya shi, ya yi dariya.

"Mama, ina kika tono wannan? Ai ko abin da zan sa shi a ciki ba ni da shi. Faɗi sunan waƙar kawai, yanzu in sauko miki da ita."

"Ba ta da suna."

"Kowace waƙa tana da suna, Mama."

Ta miƙa hannu ta karɓi abinta, ta mayar cikin hankici. A matakala Auta ta turo baki. "Mama, kowa fa shi yake ɗauka."

"To ai sun ishe shi, ba sai da mu ba."

Na biyun wata mai kawo mata guga ce ta kwatanta. Mai Sauti ake ce masa, shagonsa yana bayan layin masu gyaran fanka. Mutum ne da ya ba hamsin baya, da tumbi da furfura a gemu, da abin sauraro rataye a wuya kamar da shi aka haife shi. Gyaran rediyo ya fara kafin ya koma bukukuwa. Ya tura musu benci. Gwaggo da Auta suka zauna, Matar Tela ta ce ita ta saba da tsayuwa.

Bai nuna musu hoto ko ɗaya ba. Littafi ya ɗauko da biro, ya hau tambaya. Mutum nawa? Taku nawa ne daga ƙofa zuwa kujerar amarya? Tsofaffi ta wane gefe za su zauna, don kada ya ɗora musu lasifika a ka? Wace waƙa ce ba a so a ji ko da wani ya roƙa?

"Malam, biki za ka yi mana ko ƙidaya?" in ji Gwaggo.

"Gwaggon amarya, wanda bai yi tambaya yau ba, ran biki shi zai ba da haƙuri."

Auta ta lissafa masa waƙoƙinta, yana rubutawa, ba ya ɗaga gira. Ita kuwa Matar Tela idonta yana ƙarƙashin teburin, inda wani abu mai faɗi ke lulluɓe da tsohon tawul.

"Wancan na kaset ne?"

"Shi ne. Ya tsufa amma bai yi ritaya ba."

Ta kwance hankicin. Shi da hannu biyu ya karɓa. Ya ɗaga kaset ɗin wajen haske, ya duba zaren ta 'yar tagar tsakiya, ya karanta rubutun jikin, rubutun tela mai kwance kamar an ja shi da alli.

"Kiɗa na uku a gefen farko," ta ce. "Da shi amarya za ta shigo."

"Mama, kiɗan tsofaffi?" Auta ta ce.

"Duk sauran naki ne. Wannan ɗaya nawa."

Mai Sauti ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa. Sannan ya ɗago. "Uwar amarya, akwai abin da ya kamata in sani game da shi?"

Ta buɗe baki. Ga Auta a zaune tana latsa waya, ga Gwaggo ta kafe ta da ido. Kuma ko da babu su, ta san in ta fara ba za ta kai ƙarshe ba, a gaban baƙon namiji, a shagon mutane.

"Tsoho ne," ta ce. "A bi shi a hankali."

"Kada ki damu. Na san halinsu."

Mako uku ta yi babu kaset a gidan. Takan buɗe akwatin ta ga gwangwanin, ta san wayam yake, duk da haka sai ta girgiza shi. Tana guga tana bin kiɗan a ka, tun daga farko: sarewa za ta hau sau biyu, jita ta karɓa, a nan keken ke tsayawa. Wani lokaci ta tsinci kanta ta ɗaga dutsen guga sama tana jira, kamar za a yi magana a bayanta. Tsoronta ɗaya, kada ta ji muryar ta ga ba haka take riƙe da ita ba. Shekaru suna cin abu a ka ba tare da sun yi sallama ba. Ta san yana da tari, ta san yana jan ƙarshen magana, amma kaurin muryar fa? Sau biyu ta sa takalmi za ta je shagon ta ce ya sa mata ta ji, sau biyu tana cirewa. Ta fi so su ji tare da yarinyar.

Ran biki ƙarfe huɗu za a fara. Biyu da rabi suna ɗakin taron ita da Gwaggo, ana ɗaura wa kujeru riguna, masu abinci suna shigo da kuloli ta ƙofar baya. Mai Sauti ya gama jan wayoyinsa, ya bi su da salatif a ƙasa don kada wani ya harɗe. Ya je ƙarshen ɗakin ya tafa, ya saurara, ya dawo ya murɗa wani abu.

"Uwar amarya, zo ki ji naki kafin mutane su cika."

Ta so ta ce a bari, amma ya riga ya danna.

Kiɗan ya cika ɗakin, tas, sarewar kamar a gabanka ake busa ta. Gwaggo ta saki rigar kujerar da ke hannunta. "Ai kuwa kiɗan Yaya ne wannan."

Matar Tela ta riƙe bayan kujera. Tun daga farko ta ji wani abu bai yi ba, babu ƙarar keke. Ta ce wa ranta ƙila gyara ya yi. Ta jira. Sarewa ta hau, ta sake hawa, jita ta karɓa. Babu tari. Babu kowa. Kiɗan ya wuce sumul, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share.

"Ina mutumin?" ta ce.

Mai Sauti ya rage ƙarar. "Wane mutum?"

"Mutumin da ke ciki. Me ka yi masa?"

"Uwar amarya, ba daga kaset ɗinki ba ne wannan. Kin ce tsoho ne, a bi shi a hankali. Ni tsohon kaset ba na barinsa ya yi tafiya mai nisa, zaren yakan manne ya tsinke. Na kai shi wurin, na sa shi kaɗan, ina jin sarewar na gane kiɗan, na kashe. Ga shuu, ga wata ƙara a bayansa kamar injin niƙa. Kwana huɗu na yi ina yawo kafin in samo mai kyau wurin wani tsohon ma'aikacin rediyo." Yana faɗa yana murmushi, murmushin wanda ya yi aiki yana jiran a ce sannu.

"Ba injin niƙa ba ne," ta ce. "Keken ɗinki ne."

Sai maganar ta fito, a tsaye, a gaban masu ɗaura kujeru. Ba ta yi tsawo ba. Ta faɗi shagon, ta faɗi ranar da yarinyar ta tako, ta faɗi abin da Auta ta ce suna ninke kaya. Gwaggo ta laluba kujera ta zauna.

"Matar Yaya, shekara goma sha takwas muryar ɗan'uwana tana cikin akwatinki?"

"Tsoro nake kada ta tsinke."

Mai Sauti ya cire abin sauraron daga wuyansa ya ajiye. "Na tambaye ki ranar."

"Ka tambaya. Bakina ne ya ƙi."

"Ni ma da na ƙara minti ɗaya da na ji da kunnena." Ya buɗe jakarsa, ya fito da kaset ɗin a cikin hankicinta, da ma ya kawo ne ya mayar mata. Ya dubi agogo. "Rikodar tana shago. Ban ɗauko ta ba, na zaci na gama da ita."

Shagon yana can ɗaya ƙarshen gari, ga rana ta cunkoso. Bai tsaya shawara ba. Ya jawo hannun kujerar Gwaggo zuwa gaban kwamfutarsa.

"Gwaggon amarya, yau kin samu aiki. Waƙoƙin za su bi juna da kansu. In sun tsaya, ki danna nan. Wannan jan kuwa, ko wa ya zo, kada ki taɓa."

"In na taɓa me zai faru?"

"Sai dai ki yi musu waƙar da bakinki."

"Ai da ka sani ina da murya da ba ka wahalar da kanka ba. Tafi."

Ya ari babur ɗin mai gadi ya fita, tumbinsa a kan tanki.

Uku ta yi, uku da rabi. Mutane suka fara shigowa, turare ya cika ɗakin. Gwaggo tana zaune a bayan tebur da babban ɗaurin kai, ta sa abin sauraron a kunne ɗaya yadda ta ga yana yi, duk wanda ya matso neman waƙa sai ta ce masa a rubuto takarda. Matar Tela tana bakin ƙofa. Aka kawo mata kujera, ta ce ta gode, ba ta zauna ba. Duk babur ɗin da ya shigo layin sai gabanta ya faɗi.

Huɗu ta wuce da kwata motar amarya ta iso. Mai gabatarwa ya ƙarar da barkwancinsa, ya koma gaishe da mutanen da ya riga ya gaisar. Dangin ango suka fara duba agogo a fili yadda kowa zai gani. Babban yayan Auta ya zo ya ce, "Mama, me ake jira?"

"Kiɗa."

"Ga kiɗa nan ana yi."

"Ba shi ba."

Auta ta sauke gilashin mota. "Mama, kwalliyata tana narkewa fa. A sa kowanne mana, wa zai lura?"

Matar Tela ta sunkuya, ta ɗauke mata zufa a gefen hanci da bakin hankici. Yarinyar nan da goshin ubanta, da ta ɗaure fuska sai ka ce shi ne yake neman allurar da ta faɗi. "Kin yi shekara da wata biyu muna jiranki ki taka," ta ce. "Yau ke ma ki jira minti biyar."

Minti goma aka yi. Sai ga Mai Sauti, rikodar ɗaure a bayansa da tawul ɗin, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya bi ta gefen bango ya isa teburinsa, Matar Tela na biye. Ya haɗa waya, ya zura biro a ramin kaset ɗin, ya juya baya kaɗan-kaɗan yana kallon zaren.

"Yana nan inda na tsaya ranar, na mayar da shi farkon kiɗan," ya ce. "Babu lokacin gwaji. Zan sa shi kai tsaye, ina ɗauka a kwamfuta yana tafiya. Amma ki sani, yana iya tsinkewa tun kafin a kai wurin. Kin yarda?"

Ta dubi kaset ɗin a hannunsa. Shekara goma sha bakwai tana tsare shi daga wannan minti.

"Sa shi."

Ya ɗaga wa mai gabatarwa hannu. Aka buɗe ƙofa.

Shuu ne ya fara fitowa, mai kauri, har wasu suka waiwayo suna duban lasifika. Sannan sarewar, can nesa, a dishe, kamar daga gidan maƙwabta. A kanta kuwa keken ɗinki, kata-kata-kata, ya ja ya tsaya, ya sake ja. Ƙamshin man keke da sabon yadi ya bugi hancin Matar Tela, a ɗakin da babu ko ɗaya.

Auta ta shigo, angonta a gefe. Ta yi taku uku fuskarta a ɗaure, tana harar teburin mai kiɗa ta gefen ido. Sarewa ta hau. Ta sake hawa. Jita ta karɓa.

Keken ya tsaya. Aka yi tari sau biyu.

"Kai, ku matsa," muryar ta ce. "Ku ba ta hanya. Ku kwashe ƙafafunku, ga ta nan tafe."

Haka take. Ba ta canja ba, ko kaɗan, har da jan ƙarshen maganar. Gwaggo ta toshe baki da hannu biyu. Yayyen Auta, manyan maza da gemu, ɗaya ya janye ƙafarsa daga hanya bai san ya yi ba.

Auta ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin. Angon ya ɗan ja hannunta, ba ta motsa ba. Idonta ya bi mutane har ya samu uwarta a jikin bango. Matar Tela ta gyaɗa mata kai.

"A hankali, uwata," in ji muryar. "A hankali, ba sauri muke ba. Yauwa. Ƙara ɗaya. Ina nan, ba inda za ni."

Yarinyar ta ɗaga ƙafa. Ta taka, ta ƙara, hawaye suna yi wa kwalliyar abin da zafi bai gama yi ba. Ɗakin ya yi tsit, ko cokali ba a ji. Mafi yawan mutanen ba su san ko wane ne ba, amma babu wanda ya tambaya.

Matar Tela kuwa tana jiran nata. Saura kaɗan. Yanzu za a ji dariyarta, sannan ya juyo gare ta. Ta ji dariyar ta fara, ta wata yarinya da ba ta san ciwon ƙafa ba. Sai sautin ya lanƙwashe, ya yi ƙasa kamar mai nutsewa. Hannun Mai Sauti ya riga kunnen kowa. Ya ja wani abu ƙasa, ya tura wani sama, kiɗan nan mai kyau da ya yi kwana huɗu yana nema ya taso daidai inda tsohon ya faɗi, jita a kan jita. Mutane suka ɗauka haka aka tsara. Aka yi tafi, amarya ta isa kujerarta.

Da Matar Tela ta juya, Mai Sauti ya buɗe bakin rikodar. Zaren ya fito ya naɗe a ciki, ya cukurkuɗe.

Sauran bikin ta yi shi a tsaye. Auta ta riƙe ta a gaban mutane ta ƙi saki, tana cewa, "Mama, ya ce uwata. Kin ji? Ni yake nufi." Ta ce ta ji. Gwaggo ta sa an tura mata muryar a waya tun kafin a raba abinci, ta ce wa Mai Sauti in yana neman mataimakiya ya san inda take. Kowa ya samu nasa. Matar Tela ta yi murna, murna ta gaskiya, amma wani wuri a ƙirjinta ya zauna a buɗe, kamar ƙofar da aka ƙwanƙwasa aka tafi kafin a zo.

Kwana uku bayan biki Mai Sauti ya aiko ta zo. Da hantsi ta je, gidan ya yi mata faɗi tun da Auta ta tafi, ko gugar ba ta da daɗi babu mai ninkewa. Masu gyaran fanka suna ta gwaji a bakin layi, iska na kaɗa takardu. Ta same shi da reza da salatif a kan tebur, kaset ɗin a rufe kamar ba abin da ya same shi.

"Na haɗa shi," ya ce. "Amma inda ya tauna ba ya gyaruwa, dole na yanke." Ya miƙa mata ambulan. A ciki wani guntun zare ne, a yamutse, bai fi taƙi ɗaya ba.

"Magana nawa ce a cikin wannan?"

"Numfashi ɗaya, ko biyu."

Ta san wace ce. Ta ninke ambulan ɗin ta sa a jaka.

"Sauran na ɗauke shi duka har ƙarshe," ya ce. "Wannan karon ban kashe ba. Zauna ki ji."

"Na saba da tsayuwa."

Bai matsa mata ba. Ya goge abin sauraron da gefen rigarsa, ya miƙa mata, ta ɗora a kan ɗankwali. Ƙarar fankoki ta ɓace. Ga shagon telan ya dawo, ga keke, ga tari, ga "a hankali, uwata". Dariyarta ta fara, aka ji ƙas, ta yanke. Ta kai hannu za ta cire abin, don a kanta nan ne ƙarshe, daga nan sai labaran rediyo.

Sai kujerar telan ta yi ƙara. Muryar ta dawo, kusa sosai, kamar ya sunkuyo kan rikodar zai kashe ta. Ba da yara yake ba, ba ya ɗaga murya.

"Ke kuma ajiye gugar nan haka. Tun safe kina tsaye. Zo ki zauna kusa da ni, ki ga 'yarki."

Ƙas. Sai shuu.

Wannan ba ta riƙe shi ba. Duk shekarun nan tana bin kaset ɗin a ka, ba ta taɓa kawowa nan ba. Ta tsaya da hannunta a sama, tana jin shuu ɗin. Ta yi ƙoƙarin tuna ko ta je ranar, ko kuwa ta ce bari ta gama rigar da ke gabanta. Ta kasa.

Mai Sauti ya juya baya yana naɗe wata waya da ta riga ta naɗu.

Ta laluba bencin da hannu, ta zauna. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta zare takalmanta, ta miƙe ƙafafun.

"Malam, in an sake sawa zai tsinke?"

"Yanzu ba daga kaset yake fitowa ba. Ko sau dubu."

"To mayar da shi baya kaɗan," ta ce. "Daga inda kujera ta yi ƙara."